Shehu Atiku Sanka da Al'adar Rubuta Tarihin Manya a Birnin Kano

Yau za mu ɗan ajiye littattafan hikaya a gefe guda, mu leƙa cikin ganuwar Kano, domin mu yi magana a kan wani irin rubutu da ya girmi duk labaran da muke karantawa a nan, wato rubuta tarihin rayuwar manyan mutane, malamai da sarakuna. Wanda zan fi tsayawa a kansa shi ne Shehu Abubakar Atiku Sanka, Allah ya jiƙansa. Galibin mutane sun san shi a matsayin shehin ɗariƙar Tijjaniyya kuma mawaƙin bege, to amma ni abin da ya fi jan hankalina game da shi shi ne ɗawainiyar da ya yi ta rubuta rayuwar waɗanda suka gabace shi.

Dalilin da ya sa na ga ya kamata a yi wannan magana shi ne, a ƙasar Hausa idan babban malami ya rasu, 'ya'yansa da almajiransa sukan riƙe labarinsa daram. Jikoki kuma su riƙe rabi. Kafin a kai ga tattaɓa-kunne sai ka tarar abin da ya rage bai wuce suna ba, da wata karama guda ɗaya da ake ta maimaitawa, wani lokaci ma an ɗauko ta daga kan wani malamin an jingina masa. Duk wanda ka ga labarinsa ya tsallake wannan rami, to, bincika da kyau, za ka samu akwai wani bawan Allah da ya zauna da alƙalami da tawada ya rubuta.

ABIN DA AKE KIRA TARJAMA

A yau idan aka ce tarjama, hankalin Bahaushe yakan tafi ne ga fassara. A wajen malaman zaure kuwa kalmar tana da wata ma'ana ta biyu, wato taƙaitaccen tarihin rayuwar mutum. Ilimi ne mai tsari, wanda ya samo tushe daga malaman hadisi, domin su ne suka fara matsawa a kan lallai sai an san wane ne ya karɓo daga wane, yaushe aka haife shi, ina ya zauna, kuma ana iya amincewa da maganarsa ko kuwa. Daga nan abin ya bazu zuwa ga malaman fiƙihu da na sufanci.

Wannan al'ada ta daɗe da isowa ƙasashenmu. Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya kammala littafinsa Nailul Ibtihaj a shekarar 1596 yana tsare a Marrakesh ta ƙasar Maroko, inda ya tattara tarihin malaman mazhabar Malikiyya. A cikinsa ne muke samun labarin Malam Makhluf al-Bilbali wanda ya koyar a Kano da Katsina, da kuma alƙalin Katsina wanda Katsinawa suka fi sani da Ɗan Takum. A shekarar 1812 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya rubuta Infaƙul Maisuri, ya kawo labarin malaman da suka gabaci jihadi irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima kuma ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu Usmanu da karamominsa. Ke nan lokacin da Shehu Atiku ya ɗauki alƙalami, turba ce ya tarar an riga an share.

ALƘALAMIN FADA DA NA ALƘALI

A cikin birnin Kano kanta, littafin da ya fi shahara a wannan fage shi ne wanda muke kira Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Idan mai karatu ya lura da tsarinsa, zai ga jerin tarihin rayuwar sarakuna ne ɗaya bayan ɗaya, su 48, tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello ɗan Dabo. Kowane sarki akan faɗi sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa, da jarumawan zamaninsa, da yaƙoƙin da ya yi, da abin da ya ƙago, sannan a rufe da yawan shekarun da ya yi a kan gado. Shekarun miladiyya da muke haddacewa a makaranta, irin su Yaji 1349 zuwa 1385, ko Rumfa 1463 zuwa 1499, lissafi ne da Baturen mulki H. R. Palmer ya yi, ya bi tsawon mulkin kowane sarki yana komawa baya, lokacin da ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908. Fassarar Hausa kuwa ta fito a 1933 cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ƙarƙashin kulawar Rupert East a Zariya.

Littafin bai ɗauki sunan wanda ya rubuta shi ba. A shekarar 1994 Farfesa John Hunwick ya kafa hujjojinsa cewa an tsara shi ne a zamanin Sarki Bello, kuma mai aikin shi ne Malam Barka, Ɗanrimin Kano, wato ɗaya daga cikin manyan bayin sarki. Idan aka bi wannan ra'ayi, abin akwai ban sha'awa: mutumin da ya adana mana rayuwar sarakunan Kano bawa ne a fada, wanda ya san shiga da fitar gidan sarki fiye da 'ya'yan sarki da yawa. Kuma bai ɓoye laifin sarakunan dauri ba. Shi ya gaya mana yadda harajin Sarki Kumbari ya kusa kashe Kasuwar Kurmi har Larabawa suka tashi suka koma Katsina, shi ya kuma ba mu labarin yadda Sarki Alwali ya sa aka fasa Dirki.

To amma alƙalamin fada sarki yake kallo. Malamai sukan shigo labarin ne a matsayin baƙin da suka zo a zamanin sarki wane. Wangarawa sun zo zamanin Yaji, Sharifai sun zo zamanin Rumfa, shi ke nan sai a wuce zuwa yaƙi na gaba. Abin lura a nan, akwai wani ɗan littafi da aka rubuta a Kano tun wajen 1650, mai suna Aslul Wangariyyin, wanda ya ba da labarin Shehu Abdurrahman Zaite, jagoran Wangarawa, daga ɓangaren zuriyar malaman kansu. Wannan littafi ya sanya zuwan Zaite a zamanin Rumfa, lokaci guda da Shehu Magili, saɓanin Tarihin Kano da ya kai shi zamanin Yaji, wato tazarar kusan shekara 100. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa labari yakan canza gwargwadon inda mai ba da shi yake zaune.

Sai kuma Alƙali Muhammadu Zangi ɗan Salihu, wanda ya rubuta Taƙyidul Akhbar a wajen 1868, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Shi ya adana mana sunaye da ayyukan malaman da suka jagoranci jihadi a ƙasar Kano, irin su Malam Bakatsine da Malam Jibir da Malam Ɗanzabuwa da Dabon Dambazau, da yadda mulki ya koma hannun Sarki Sulaimanu sannan Ibrahim Dabo. A wajen Zangi malami da mai mulki sun zama mutum guda, domin malaman da yake ba da labarinsu su ne suka wayi gari da sarauta a hannu. Malam Ibrahim Ado-Kurawa ya fassara wannan littafi zuwa Ingilishi a 1989.

DAGA KATSINA ZUWA SANKA

An haifi Shehu Abubakar Atiku a Katsina a shekarar 1909, wato shekara 6 bayan da Turawa suka ci Kano a 1903. Tun yana ƙarami aka kawo shi Kano, ya tashi a unguwar Sanka cikin birni, sunan unguwar kuma ya bi shi har yau. Kanon da ya buɗe ido ya gani gari ne da ke cikin sauyi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, attajiran goro na dā suna komawa sabuwar sana'a, sarauta kuma tana nan amma akwai Razdan a bisa kanta. Abin da bai canza ba shi ne karatun zaure, inda ɗalibi zai durƙusa gaban malami ya bi littattafai daki-daki, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, zuwa Risala, har ya kai ga Muhtasar.

Babban malamin da ya gina shi shi ne Malam Muhammadu Salga ɗan Alhaji Umaru. Sunan Salga ya samo asali ne daga garin Salaga na ƙasar Gwanja, a Ghana ta yau, babbar kasuwar goro da fataken Kano suka daɗe suna zuwa. Malam Salga masanin fiƙihu ne na gaske, ya sha karatu a Madabo, tsohuwar cibiyar ilimi ta birni, amma daga baya ya saɓa da malaman Madabo a kan wasu al'adu da ake yi wajen mutuwa, irin su tarukan sadaka da ake yi bayan an binne mamaci. Shi yana ganin abubuwa ne da aka ƙara a cikin addini, kuma suna ɗora wa iyalan mamaci nauyi, su kuwa suna ganin aiki ne da magabata suka tafi a kansa. Muhawarar ta yi zafi, an yi rubuce-rubuce daga ɓangarorin biyu, daga nan ne kuma aka fara kiran almajiransa da sunan Salgawa. Malam Salga ya rasu a ƙarshen shekarun 1930.

Ta fuskar ɗariƙa da sanin asiranta kuwa, Shehu Atiku ya lazimci Malam Abubakar Mijinyawa, wanda ya rasu a 1946. Saboda haka ya haɗa abu biyu: tsantsenin masu fiƙihu wajen tantance magana, da kuma ƙaunar da sufaye ke yi wa shehunansu. Duk wanda ya san waɗannan abubuwa biyu zai gane inda tarjamominsa suka dosa.

A shekarar 1937 Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a wajen aikin Hajji, ya gayyace shi Kano. Shehu Ibrahim ya zo a tsakiyar shekarun 1940, kuma manyan almajiran Malam Salga su ne suka zama ginshiƙan failarsa a Nijeriya: Shehu Atiku Sanka, da Shehu Tijjani Usman na Zangon Barebari, da Shehu Sani Kafinga, da Shehu Usman Maihula. Daga zaurukan waɗannan bayin Allah ne abin ya watsu zuwa garuruwan Arewa da ƙasashen maƙwabta. Shehu Atiku ya rayu yana karantarwa yana rubutu, da Larabci da kuma Hausar ajami, har Allah ya karɓi abinsa a 1974, shekara guda kafin rasuwar Shehu Ibrahim a 1975.

LITTATTAFAN TARJAMARSA

Rubuce-rubucen Shehu Atiku gommai ne, sun shafi fiƙihu da sufanci da bege da raddi. Uku daga ciki su ne suka shafi maganarmu ta yau. Na farko shi ne Tahsilul Waɗar, tarihin malaminsa Muhammadu Salga. Na biyu shi ne Ithaful Ikhwatil Azkiya, a kan rayuwar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a Fas a 1815. Na uku kuma, wanda ya fi su shahara wajen masu bincike, shi ne Alfaidul Hami'u, wanda aka buga a Alƙahira a 1956, inda ya tattara tarihin mazajen da sirrin ɗariƙa ya biyo ta hannunsu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa malami zai ɓata lokacinsa a kan wannan? Amsar tana cikin yadda ilimin zaure yake. A can babu takardar shaida mai hatimin gwamnati. Shaidar malami ita ce silsilarsa: na karanta littafi kaza a gaban wane, shi kuma ya karɓa daga wane, har a dangana da mawallafin. A ɗariƙa ma haka abin yake, izinin muƙaddami bai da ƙima sai an san ta inda ya biyo. To jerin sunaye kawai ba ya gamsarwa, sai an san su wane ne masu sunayen. Wannan giɓi ne tarjama take cikewa. Takan fara da suna da nasaba, ta faɗi malaman mutum da abin da ya karanta wajen kowannensu, da tafiye-tafiyensa, da ijazojinsa, da almajiransa, da halayensa da karamominsa, ta ƙare da wafatinsa da inda aka binne shi. Malamin Maroko Ahmad Sukairij, wanda ya rasu a 1944, ya yi irin wannan aiki a kan sahabban Shehu Tijjani a littafinsa Kashful Hijab. Abin da Shehu Atiku ya yi shi ne ya jawo zaren har ya iso da shi ƙasar Hausa, ya nuna cewa malamin da ke zaune a kan buzu a wani lungu na birnin Kano ya cancanci a rubuta shi a littafi ɗaya da manyan Fas.

A ganina nan ne muhimmancinsa yake. Marubucin Tarihin Kano ya auna zamani da mulkin sarakuna, Shehu Atiku kuwa ya auna shi da malami da almajirinsa. Idan ka haɗa ma'aunan biyu sai ka ga birnin ya fito maka sosai, ka ga fada, ka kuma ga zaurukan da ke kewaye da ita.

Akwai kuma batun ɗab'i. Magabatansa sun dogara ne da masu kwafe littafi da hannu, shi ya sa littafi kan iya ɓacewa idan gobara ta tashi a gida ɗaya. Shi kuwa ya zo a zamanin da alhazai da attajiran Kano suke ɗaukar rubutun malamai su kai maɗaba'un Masar, a bugo, a dawo da su a baza a Kasuwar Kurmi. Wannan ya sa tarihin Malam Salga da ire-irensa ya fita daga hannun iyali ya zama na kowa.

INDA SIYASA TA SHIGO

Kada mai karatu ya ɗauka rubuta tarihin shehunai aiki ne da ba ruwansa da mulki. A ƙasar Hausa silsilar Tijjaniyya ta ratsa ta kan Alhaji Umarul Futi, wanda ya karɓi halifanci daga Sidi Muhammadul Gali a Hijaz, ya zauna a Sakkwato shekaru da dama a cikin shekarun 1830, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga baya ya koma yamma ya kafa daularsa da takobi, ya rasu a 1864. Shehi ne, kuma shugaban daula ne. Zamansa a Sakkwato ya bar wata tambaya da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta: shin Muhammadu Bello ya karɓi wuridin Tijjaniyya daga hannunsa kafin rasuwarsa a 1837? Tijjanawa da yawa sun tafi a kan ya karɓa. Malaman Sakkwato, ciki har da Waziri Junaidu, sun ce sam, Bello ya rayu ya rasu yana Baƙadire kamar mahaifinsa. Magana ce ta layi ɗaya a cikin tarihin mutum guda, amma abin da ke ƙarƙashinta babba ne, wato wa ke da haƙƙin jingina kansa da gidan Shehu.

A Kano kuwa fada ta riga ta karkata. Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, ya shiga Tijjaniyya, ɗansa Abdullahi Bayero ya rungumi Shehu Ibrahim, jikansa Muhammadu Sanusi kuma ya zama na gaba-gaba a cikin faila. Saboda haka bunƙasar ɗariƙar ta zo daidai da tsohuwar gasa tsakanin Kano mai dukiya da Sakkwato mai tutar jihadi. A 1949 aka rushe wasu zawiyoyin Tijjanawa a lardin Sakkwato bisa umarnin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Shehu Atiku bai yi shiru ba, ya mayar da martani da waƙoƙi masu zafin gaske, waɗanda masanin nan ɗan ƙasar Italiya, Andrea Brigaglia, ya yi nazarinsu ya buga a 2017. A 1956 rikici ya sake ɓarkewa tsakanin mabiya ɗariƙun biyu a lardin na Sakkwato. A 1962 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kafa binciken kuɗin En'e ta Kano, abin da ya kai ga saukar Sarki Sanusi daga gado a 1963 da tafiyarsa Azare. Shi ne kuma aka sani da Halifan Shehu Ibrahim a Nijeriya har rasuwarsa a 1991.

Ka ga ke nan littafin da aka buga a 1956 a kan mazajen Tijjaniyya ya fito ne ana tsakiyar wannan dambarwa. A irin wannan yanayi, duk wanda ya rubuta cewa wane waliyyi ne, silsilarsa ingantacciya ce, to ya ba mutanensa abin da za su tsaya a kai ranar da aka ce musu baƙi ne ko 'yan bidi'a. Shi ya sa nake ganin tarjamomin Shehu Atiku aikin ibada ne a wajensa, kuma garkuwa ne ga jama'arsa.

YADDA YA KAMATA A KARANTA SU

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Tarjama irin ta almajiri ga shehinsa rubutun ƙauna ne, kuma mai ƙauna ba ya ƙirga aibi. A cikin wannan nau'in rubutu da wuya ka ga an ce malam ya yi kuskure a fatawa, ko ya yi fushi ba bisa haƙƙi ba. Idan an zo kan saɓani, ɓangaren shehin marubuci ne ke da gaskiya. Wanda yake son ya san yadda rigimar Salgawa da Madabo ta kasance, dole ya nemi abin da mutanen Madabo suka rubuta su ma, kamar yadda mai son sanin zuwan Wangarawa zai ajiye Tarihin Kano da Aslul Wangariyyin kafaɗa da kafaɗa.

Wasu 'yan boko kuma sukan yi watsi da irin waɗannan littattafai gaba ɗaya saboda karamomin da ke ciki. Ni ban goyi bayan haka ba. Ko mutum ya gaskata karama ko bai gaskata ba, a gefenta zai samu sunan unguwa, da sunan littafin da ake karantawa a lokacin, da hanyar da matafiya ke bi, da wanda ya auri 'yar wane. Waɗannan su ne tubalan da ake gina tarihin al'umma da su, kuma rahotannin Turawan mulki ba su damu da su ba. Ita kanta karamar tana gaya maka abin da mutanen zamanin suke girmamawa da abin da suke tsoro.

Babban giɓin da na fi jin zafinsa shi ne na mata. Tarihin Kano ya kan ambaci sunan uwar sarki ya wuce. Littattafan silsila kuma maza suka fi bi, alhali kowa ya san a cikin gidajen birni akwai mata masu karantar da yara da matan aure, waɗanda manyan malamai da yawa a hannunsu suka fara biya baƙi da wasali. A Sakkwato Nana Asma'u ta yi wa mata 'yan uwanta marsiyyoyi, sunayensu suka tsira. Labarin Baba ta Karo kuwa sai da Baturiya Mary Smith ta zauna da ita ta rubuta, aka buga a 1954. Wannan aiki ne da har yanzu yake jiran masu yi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Bayan Shehu Atiku da tsararrakinsa, rubutun tarihin manya ya koma hannun 'yan boko. Alhaji Abubakar Dokaji ya fitar da Kano Ta Dabo Cigari da Hausar boko a 1958. Ba'amurke John Paden, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1960 yana bin zaurukan malamai, ya buga littafinsa a kan addini da siyasar Kano a 1973, sannan ya rubuta tarihin Sardauna a 1986. Alan Feinstein ya rubuta na Malam Aminu Kano a 1973. A 1995 Hunwick ya fitar da babban kundinsa na marubutan Larabci na wannan yanki, inda ya jera ayyukan Shehu Atiku da na sauran malaman Kano. Duk wanda ya duba waɗannan ayyuka a inda suka taɓo malaman birni zai ga da rubutun malaman zaure suka jingina.

Abin da ke damuna shi ne, jikokin waɗanda aka rubuta tarihin nasu da yawa ba sa iya karanta shi, domin yana cikin Larabci, su kuma karatunsu na boko ne. Wani abin kuma, ɗakin karatun Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa Batijjane na Kano wanda ya rasu a 1962, mai ɗauke da rubuce-rubuce sama da 3,000, yana Jami'ar Northwestern a Amurka. An adana shi da kyau, wannan gaskiya ne, amma ɗalibin da ke Koki ko Madabo ba shi da kuɗin jirgi. Waɗanda suka rage a gida kuwa, da yawa suna cikin adaka da buhuna, gara da ɗanshin damina suna yi musu aiki a hankali.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu, musamman matasa maza da mata da Allah ya hore wa alƙalami. Wanda ya iya Larabci ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan littattafai ya mayar da shi Hausa mai daɗin karatu. Wanda bai iya ba, akwai tsoho ko tsohuwa a unguwarsu da ya ga zamanin Sarki Sanusi da idonsa, ko ya yi karatu a gaban ɗaya daga cikin shehunan da na ambata. A je a gaishe su, a nemi izini, a ɗauki maganarsu a waya, a rubuta da shekara da sunan wuri, a kuma tambayi ɓangare na biyu idan akwai saɓani. Wanda ya iya riƙe mai karatu da labarin soyayya har littafi na uku, ba zai kasa rubuta rayuwar malamar da ta koya wa unguwa guda karatu ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, domin waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi.

Allah ya jiƙan Shehu Atiku Sanka da malamansa, da duk waɗanda suka rubuta mana labarin magabata, ya sa aljanna ce makomarsu. Mu kuma Allah ya ba mu ikon ɗorawa daga inda suka tsaya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.